Ƙwayoyin halitta masu amfani a yaƙi da cututtukan kifi

Babbar fargabar mai kiwon kifi, ko a Dutse yake ko a gaɓar tekun Asiya, ita ce ɓarkewar cuta a tafkin kiwo, wadda kan cinye jarin mutum cikin 'yan kwanaki.

Shekaru da dama ana dogara ne da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. To amma yanzu masana kimiyya sun karkata ga wata hanyar, wato amfani da ƙwayoyin bakteriya masu amfani domin danne masu cutarwa.

Asalin matsalar

A shekarar 2009 wata annoba ta ɓulla a gonakin jatan lande na ƙasar Sin, sannan ta bazu zuwa Biyetnam da Malesiya da Tailan, ta kuma isa Meziko a 2013.

Cutar kan lalata kayan cikin jatan landen, kuma takan iya kashe kusan dukkan abin da aka zuba a tafki cikin wata guda. A 2013 masu bincike a Jami'ar Arizona da ke Amurka suka gano cewa wani nau'in bakteriya mai suna Vibrio ne ke haddasa ta.

Yawan zuba magani bai kawo ƙarshen irin waɗannan cututtuka ba, domin ƙwayoyin cutar kan saba da shi har ya daina cin su.

Soson teku

Soson teku wata halitta ce da ke manne da duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Ba shi da ƙafa balle ya gudu, kuma yana rayuwa ne ta hanyar tace ruwa, don haka kullum yana cuɗanya da ƙwayoyin cuta.

Ɗimbin bakteriya ne ke zaune a jikinsa, kuma wasunsu na fitar da sinadaran da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Masu bincike kan ware irin waɗannan bakteriya, kamar Bacillus da Streptomyces, su raina su a ɗakin gwaji, sannan su gauraya su da abincin jatan lande ko ruwan tafkin. A gwaje-gwaje da dama an ga sun rage ƙarfin Vibrio, sun kuma rage mace-mace.

Me ya shafi Jigawa?

Jigawa ba ta da teku, amma tana da daɗaɗɗen tarihin kamun kifi a kogin Haɗeja da fadamun Haɗeja zuwa Nguru, da kuma madatsar ruwa ta Warwade da ke kusa da Dutse.

Gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ya rage ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta. A yau kiwon tarwaɗa a tafkunan ƙasa da na siminti ya zama sana'ar mutane da dama a birni da ƙauye.

Ita ma tarwaɗa tana da nata cututtukan. Bakteriyar Aeromonas kan haddasa mata gyambo a fata da kumburin ciki, musamman idan an cunkusa kifi ko ruwa ya ƙazantu. Sau da yawa masu kiwo kan sayi magani su zuba ba tare da shawarar likitan dabbobi ba.

Illar hakan ba ta tsaya ga tafki ba. Ragowar magani kan zauna a naman kifin idan an yi gaggawar sayar da shi, ruwan da aka zubar kuma kan shiga gonaki. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa ya nuna cewa a 2019 mutane kimanin miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya sakamakon ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani.

Iyakar wannan hanya

Bakteriyar soson teku ta saba da ruwan gishiri, saboda haka ba lalle ne ta yi aiki a ruwan rijiyar burtsatse ba. Abin da ya fi dacewa da tarwaɗa shi ne nau'o'in da ake samu a hanjin kifin kansa, da kuma dangin Lactobacillus, irin waɗanda ke mayar da madara kindirmo.

Masana na jaddada cewa wannan rigakafi ne, ba maganin kifin da ya riga ya kamu ba. Kuma ba zai maye gurbin canja ruwa a kan kari, da rage cunkoso, da sayen 'ya'yan kifi masu lafiya ba.