Tsufa ko ƙaranci: me ke ba kuɗin ƙarfe daraja?

Kalmar dala da muke ƙirga kuɗi da ita a kasuwannin Maraɗi da Damagaram ta samo asali ne daga wani babban kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya, mai ɗauke da hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda fatake suka yaɗa a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Har yau akan same shi a adakar tsofaffi, kuma duk wanda ya ga 1780 a jikinsa sai ya ɗauka ya tsinci dukiya. Amma 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce kawai. Tun daga lokacin aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya, a Biyana, Landan, Paris, Rum da Bombai, har adadinsa ya haura miliyan 300. Saboda haka yawancinsu ba su fi kuɗin azurfar da ke jikinsu da wani abin kirki ba. Masu tara kuɗin ƙarfe sun daɗe da sanin haka: kafin su tambayi shekarun kuɗi, sai sun tambayi guda nawa aka buga.

Ingila ta ba da misali mafi bayyana. A 2009 gidan buga kuɗin masarautar ya fitar da wani peni 50, wato rabin fam, domin cikar lambun tsirrai na Kew shekara 250, da hoton hasumiya irin ta ƙasar Sin a bayansa. Guda 210,000 kaɗai aka saka cikin kasuwa, domin a wannan shekara bankuna ba su buƙaci sabon canji mai yawa ba. A kwatanta shi da wani peni 50 mai hoton zomo na 2017, wanda aka buga miliyan 25. Shekara biyar kuɗin Kew yana yawo daga hannu zuwa hannu, ana sayen burodi da jarida da shi, ba wanda ya kula. Sai a 2014 gidan buga kuɗin ya sanar cewa babu irinsa ƙaranci cikin waɗanda ke yawo. Nan da nan mutane suka shiga zazzage aljihu, farashinsa ya yi ta hawa har ya wuce fam 100, ƴan jabu kuma suka samu abin yi. Ƙarfen bai canza ba. Labarin adadin ne ya fita. A 2024 aka bayyana cewa wani peni 50 na 2023, mai hoton kifi da kan sarki Charles na uku, guda 200,000 ne, ya ƙwace masa kambun.

Sai dai ƙarancin bugu shi kaɗai ba ya yanke hukunci. A 1950 maƙerar kuɗi ta Denba a Amurka ta buga santi 5 guda 2,630,030, adadin da ya yi kaɗan ƙwarai ga ƙasa irin wannan. Labari ya riga kuɗin isa kasuwa, dillalai suka saye shi ƙunshi-ƙunshi suka ɓoye. Sakamakon haka, samun sabo fil bai taɓa yin wuya ba, kuma farashin da ya yi tashin gwauron zabo a farkon shekarun 1960 ya dawo ƙasa. Ashe tambayar biyu ce: nawa aka buga, nawa kuma suka tsira da kyansu?

Akwai kuma ƙarancin da aka shirya da gangan. Yuro 2 na Monako na 2007, mai hoton gimbiya Grace Kelly, guda 20,001 ne, yau ana sayar da shi dubban yuro. Amma cikin ƴan akwatuna aka sayar da shi tun farko, bai taɓa shiga hannun mai tebur ba. A ganina wannan haja ce, ba shaidar tarihi ba.

Kuɗinmu na sefa ya fi kusa da akasin labarin Denba: an buga shi da yawa, ba mai ajiyewa. Bankin BCEAO ya fitar da dala ashirin ta ƙarfe a 1967, dala goma a 1972, dala hamsin mai launi biyu a 1992, sannan dala arba'in da dala ɗari a 2003. Kowanne yana ɗauke da shekarar bugunsa. A kan waɗanda aka buga a Faransa akwai wasu ƴan alamomi biyu da sai an ƙura ido: ƙaho cike da ƴaƴan itace, tambarin gidan buga kuɗin Paris, da alamar shugaban masu zane, mujiya har 1974, kifin dolfin har 1994, sannan ƙudan zuma. Ɗalibin da aka nuna wa wannan ba zai sake kallon canjin ƙosai kamar da ba.

Yawan bugu bai hana ɓacewa ba. Tamma ɗaya ta bar kasuwa shiru, musamman bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, yara da yawa ba su taɓa riƙe ta ba. Dala hamsin ta sha ƙiyayyar ƴan kasuwa duk da sanarwar bankin cewa halattacciya ce. Dala biyar da dala goma kuwa suna yawo har su shafe, a daina ganin shekararsu, masu kiri su ƙi karɓa. Samun dala ashirin ta 1967 da rubutunta rangaɗau ya fi wuya fiye da yadda adadin bugunta zai sa a zata.

Kuɗi kuma yakan sauya. Mali ta buga nata faran a 1962, ta dawo sefa a 1984. Muritaniya ta fita a 1973. A 2024 shugabannin Nijar sun yi maganar kuɗin kai. Makaranta ko ƙungiyar al'adu da ke son jera sefa shekara-shekara ba ta buƙatar wani jari, sai allo ɗaya, ƴan ambulan da haƙurin duba canji. Sharaɗi ɗaya ne: kada a goge da toka ko lemun tsami, domin masu tarawa suna rage wa gogaggen kuɗi daraja fiye da mai dauɗa.