Tabernas: Hamadar Sifaniya da Ta Yi Wa Amurka Kwaikwayo

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi kallon kaboyi a silima a shekarun 1960 da 1970 sun ɗauka Amurka suke gani. Alhali kuwa ƙurar nan da dawakai ke tayarwa, sau tari, ta kudancin Sifaniya ce, a hamadar Tabernas da ke lardin Almeriya. Yanki ne mai kwazazzabai da ƙarancin ruwan sama, kuma a zamanin Janar Franco yana cikin mafiya talauci a ƙasar. Talaucin ne ya jawo 'yan fim. Rana kyauta, fili kyauta, leburori da dawakai da araha.

Wanda ya ɗaga sunan harkar shi ne Sergio Leone, ɗan Italiya. A 1964 ya yi A Fistful of Dollars da kuɗin da bai wuce kimanin dala 200,000 ba, ya ɗauki wani sashe kusa da Madrid, wani a Almeriya. Henry Fonda ya so ya sa a gaba, aljihu bai kai ba. Sai ya kira wani ɗan wasan talabijin, Clint Eastwood, aka ba shi dala 15,000. Don kada 'yan kallo su gane hajar gida ce, Leone ya sa wa kansa Bob Robertson a fasta, mai kiɗan fim ɗin kuma, Ennio Morricone, ya koma Dan Savio.

Duk abin da masu sharhi ke kira salon Leone a yau, in aka bi diddigi, akwai tsumulmular kuɗi a gindinsa. Ba a iya ɗaukar cikakkiyar tawagar makaɗa ba, sai Morricone ya haɗa fito da ƙarar bulala da ƙararrawa da jita mai lantarki. An yi amfani da Techniscope, dabarar da ke cin rabin faifan ɗaukar hoto. 'Yan wasan kuma ba yare ɗaya suke ji ba. Kowa ya yi magana da harshensa, daga baya a ɗora murya a sutudiyo. Ba mamaki jarumin ya zama mai tsada da baki, kyamara ta tsaya a kan idanunsa tana jira.

Labarin A Fistful of Dollars ma aro ne ba da sanin mai shi ba. An kwashe shi daga Yojimbo na Akira Kurosawa, wanda ya fito a Japan a 1961. Kamfanin Toho, mai Yojimbo, ya kai ƙara, aka sasanta da ba su kaso cikin kuɗin da fim ɗin ya samu. Sai a 1967 ya shiga silimun Amurka.

Da kasuwa ta buɗe, kowa ya danno. An gina wa For a Few Dollars More gari guda na katako a Tabernas a 1965. Sergio Corbucci ya fito da Django a 1966, nan da nan finafinai barkatai suka ɗauki sunan don neman ciniki, yawancinsu ba su da ko alaƙa da shi. Mazauna Almeriya suka riƙa fitowa a matsayin 'yan Meziko ana biyansu kuɗin yini.

Son kaboyi bai tsaya a Turai ba: a shekarar ta 1966, a Nijar, Moustapha Alassane ya yi nasa kaboyin da ɗan abin hannunsa: Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwatin malafuna da bindigogi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauye. 'Yar wasa Zalika Souley ta fito a ciki.

Kafin ƙarshen shekarun 1970 harkar ta mutu a Almeriya. Garuruwan katako uku suka tsira, Mini Hollywood da Fort Bravo da Western Leone, inda yanzu masu yawon buɗe ido ke sayen tikiti su kalli harbe-harben wasa, jefi-jefi kuma a zo ɗaukar fim ko talla.