Kwamfuta a cikin kwamfuta, da takardar fanshon Baba

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 da Microsoft ya rufe littafin Windows 10, abokan aiki ke ta tambayata yadda za a yi da tsofaffin manhajojin ofis. Tambayar ta tuna min da 2021, amma bari mu fara daga tushe.

Dabarar sa wata kwamfuta ta zauna a cikin wata, kamar baƙo a ɗakin mai masauki, ta girmi yawancinmu. Injiniyoyin IBM a garin Kembirij na Amurka suka fara aiki da ita a 1967, da tsarin da suka kira CP-40. A zamanin kwamfuta ɗaya kan cika ɗaki, kuɗinta kuma sai gwamnati ko babban kamfani. Shi ya sa aka raba ta gida-gida, kowane mai aiki yana ganin kamar tasa ce shi kaɗai. A 1972 IBM ya fitar da VM/370. Da ƙananan kwamfutoci suka yi araha, sai aka yi watsi da dabarar, don kowa ya samu tasa a kan tebur. Ƙari ga haka, ƙwaƙwalwar Intel ta lokacin ba a gina ta don karɓar baƙo ba. Sai a 1998 wasu masana daga jami'ar Stanford suka kafa VMware, suka samo hanyar zagaye matsalar, a 1999 suka saki manhajarsu ta tebur. Intel ya saka VT-x a 2005, AMD ya biyo da nasa a 2006. VirtualBox, wanda mu talakawa muka fi sani don kyauta ne, wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ya buɗe shi ga kowa a 2007. Sun ya saye shi a 2008, Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010.

To ga inda tarihin ya same mu.

Ƙarshen Satumbar 2021 aka katse layukan waya a sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, Birnin Gwari na ciki. A cikin makonnin nan wani dattijo ɗan garinmu, Saminaka ta nan Birnin Gwari (ba ta Lere ba, kafin masu gyara su taso), ya zo ofishinmu neman shaidar ranar da aka ɗauke shi aiki. Fayil ɗinsa gara ta cinye. Ba shaidar, ba fansho. Kun san yadda hanya take a lokacin, mutum na fitowa ne da ransa a hannu. Bayanan suna cikin wata manhaja da aka rubuta don Windows XP, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Afrilun 2014, kwamfutar kuma ta mutu murus.

Wani yaro ɗan bautar ƙasa ya ciro faifan ajiyar, ya kwafe shi, ya ɗora a VirtualBox ɗin da ke kwamfutarsa. Ta ƙi tashi. Ashe VT-x a kashe yake a cikin BIOS, kuma tun daga 6.1 VirtualBox ba ya ɗaga baƙo sai da shi. Ya kunna. Sai ga shuɗin allo. Nan muka ɓata yini guda, ba intanet ɗin da za a tambaya. Yaron ne ya tuna cewa XP ya saba da tsohuwar mahaɗar faifai ta IDE, shi kuwa ya haɗa masa ta SATA, wadda bai zo da direbanta ba. Yana canzawa sai ga koren tudun nan na XP. Wallahi har kabbara aka yi.

Firinta ce ta ƙi ba da haɗin kai. Ƙarin da ke buɗe USB 2.0 a wancan lokacin daban ake saukar da shi, ga shi ba layi. Da biro na kwafe bayanan daga allo, oga ya duba, ya sa hannu ya buga hatimi.

Na ce masa, "Baba, ga ta nan, 1984 aka ɗauke ka."

Ya ce, "Ai na faɗa muku, ɗana. Ba wanda ya yarda."

Masu tambayar Windows 10, hanyar ke nan, amma a kula da abu biyu. Kada a haɗa tsohon baƙo da intanet. A Mayun 2017 WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da yawa ta ƙofar Windows da ba a toshe ba. Na biyu, baƙon nan dukkansa fayil ne a kan faifai, ɗauke wuta ɗaya ana tsakiyar rubutu na iya lalata shi. A kwafe shi wuri biyu. Ni dai ra'ayina, wannan duk maganin wucin gadi ne, aikin gaske shi ne a fitar da bayanan zuwa tsarin da kowace kwamfuta ke karantawa. Na rubuta takarda kan haka tun 2022.

Yaron ya gama hidimarsa ya koma garinsu. Fayil ɗin yana kan filasha a durowata, kuma zuwa yau mutum biyu ne kawai a ofis suka iya tayar da shi.