Yadda tsutsar ciki ke karkatar da garkuwar jikin shanu a kudancin Kano

Saniyar da ke kiwo a kudancin Jihar Kano ba kasafai take ɗauke da tsutsa iri ɗaya kaɗai ba. Sau da yawa akan tarar da tsutsar hanta, da tsutsar tumbi, da ƙananan tsutsotsi masu shan jini a ciki da hanji, duk a jikin dabba guda. Illarsu ba ta tsaya ga rama da ƙarancin nono ba, domin suna sauya yadda garkuwar jiki ke tunkarar wasu cututtuka, ciki har da tarin fuka na shanu, wanda ke kama mutane.

Ruwa ne ya sa yankin ya dace da waɗannan tsutsotsi. Madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974, ta samar da gaɓar da ba ta ƙafewa. Dajin Falgore, wanda ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, da dajin Ɗansoshiya na Kiru, matattara ce ta makiyaya. Tsutsar hanta ta ƙasashe masu zafi, wadda masana ke kira Fasciola gigantica, ba ta yaɗuwa sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa. Ƙwanta na fita cikin kashin saniya, ya ƙyanƙyashe a ruwa, 'ya'yan su shiga dodon koɗin, daga baya su fito su manne wa ciyawar fadama. Da rani, lokacin da garkuna ke cunkushewa a bakin ruwa neman ɗanyar ciyawa, a nan suke haɗiye su. Sai bayan kamar wata uku zuwa huɗu tsutsar ke balaga a hanyoyin ruwan ɗaci na hanta, shi ya sa alamun, wato rama da kumburin ƙasan haɓa da farin ido, kan bayyana a ƙarshen rani, daidai lokacin da yunwa ta riga ta galabaitar da dabbar. Tsutsar hanji kuwa da damina take ƙarfi, kuma maruƙa ta fi yi wa ɓarna.

Garkuwar jiki tana da manyan hanyoyin yaƙi biyu. Ta farko, Th1, ita ke fuskantar ƙwayoyin cutar da ke ɓuya cikin ƙwayoyin halittar jiki, irin na tarin fuka. Ta biyu, Th2, ita ke fuskantar tsutsotsi. Hanyoyin nan kamar sikeli suke: idan ɗaya ta rinjaya, ɗayar kan yi sauƙi. Tsutsar hanta ta ƙware wajen jan sikelin zuwa Th2, tana kuma fitar da sinadarai masu sanyaya garkuwar gaba ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa babbar saniya kan samu kariya daga tsutsar hanji yayin da take girma, amma tsutsar hanta kan sake kama ta shekara bayan shekara.

Inda abin ya shafi mai sayen nama da nono shi ne wajen gwaji. Ana gano tarin fuka a saniya mai rai ta hanyar yi mata allura a fata, a duba kumburin wurin bayan awa 72, kuma Th1 ce ke haifar da kumburin. A 2012 masana na Jami'ar Liverpool suka wallafa binciken da ya danganta Fasciola hepatica, 'yar'uwar tsutsar hantar nan yankin, da kasa gano tarin fuka a shanun madara na Ingila da Wales. Wato saniya na iya tsallake gwaji alhali cutar na huhunta. Saboda haka binciken nama a mahauta, kamar Abbatuwa ta birnin Kano, da tafasa madara kafin a sha, ba abin sakaci ba ne.

Ba da maganin tsutsa ma yana da nasa sarƙaƙiya. A 2015 mujallar Science ta buga binciken Vanessa Ezenwa da Anna Jolles a kan ɓaunayen dajin Kruger na Afirka ta Kudu. Masu tarin fuka da aka ba maganin tsutsar ciki sun fi waɗanda ba a ba su ba rayuwa nesa ba kusa ba. Sai dai daɗewarsu a raye na ƙara musu lokacin yaɗa cutar cikin garke.

A aikace, kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kowane maganin tsutsa a matsayin ɗaya. Allurar ivermectin ita kaɗai ba ta kashe tsutsar hanta. Albendazole na kashe balagaggunta ne kawai, triclabendazole kuwa na kaiwa har ga ƙanana masu ratsa hanta. Rage adadin magani don a yi tattalin kuɗi, wanda ya zama ruwan dare, yana taimaka wa tsutsa ta daina jin magani. Likitan dabbobi na iya gano irin tsutsar daga gwajin kashi, ya tsara lokacin bayarwa, ya kuma faɗi kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sayar da nononta.