Sigma da ɗan'uwansa

Bara ina awon tsawon wasula a Hausar Damagaram, na zuba lambobina cikin R, sai zanen ya baje kamar tabarma. Da na bi sawu, ashe tushen rikicin ya girmi kakana.

A 1809 Gauss ya wallafa lissafin nan mai siffar ƙararrawa. A 1894 Karl Pearson ya ɗauki harafin sigma ya mai da shi ma'aunin watsuwar lambobi. A 1918 kuma Fisher ya raɗa wa sigma sau sigma suna, bariyans. Ma'auni biyu ke nan ga abu guda. Littafinmu na aji da na Fisher yake aiki, amma dnorm, cikin R ɗin da Ihaka da Gentleman suka ƙirƙiro a Auckland, na Pearson yake nema. Inda ake son 20, ni 400 na ba shi.

Shafin bayaninsu ne ya fisshe ni: sun rubuta ƙa'idar a fili, suka faɗi abin da kowane harafi yake nufi. Ba don haka ba, wallahi da ƙarya na kai wa malamina. Ƴan'uwa, ku karanta shafin nan kafin ku zuba lamba.