Daren Tabas: Kunyar da Ta Sauya Aikin Sojojin Ƙundumbala na Amurka

Da gari ya waye ranar Juma'a 25 ga Afrilun 1980, jami'an Iran suka isa wani fili a hamada kusa da garin Tabas, suka tarar da abin da ba su zata ba: ƙonannen jirgin dakon kaya, ƙonannen jirgi mai saukar ungulu, wasu masu saukar ungulun guda biyar a ajiye babu kowa ciki, da gawarwakin sojojin Amurka takwas. Babu wanda ya yaƙe su. Sojan Iran bai harba ko harsashi ɗaya ba, domin bai ma san baƙi sun shigo ƙasar ba. Ƙasar da ta fi kowace ƙarfin soja ta zo ceton mutanenta, ta juya tun ba ta ga ƙofar birnin da aka tsare su ba.

Tushen maganar yana komawa 1979. A watan Janairu juyin juya hali ya kori Sarkin Iran, Muhammad Reza Pahlawi, a farkon Fabrairu kuma Ayatullah Khumaini ya dawo gida daga gudun hijira. Iraniyawa ba su manta cewa a 1953 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA da takwararta ta Birtaniya ne suka taimaka aka kifar da Firaminista Muhammad Musaddiƙ aka ƙarfafa sarkin ba. Don haka da Shugaba Jimmy Carter ya bar hamɓararren sarkin ya shiga Amurka neman magani a watan Oktoba, da yawa a Tehran sun ɗauka wata sabuwar maƙarƙashiya ake ƙullawa. Ranar 4 ga Nuwamba ɗalibai suka haura katangar ofishin jakadancin Amurka suka kama ma'aikatansa. Bayan makonni biyu aka saki mutum 13, mata da baƙaƙen fata, aka ci gaba da riƙe 53.

Wata biyar ana kai gwauro ana kai mari ta hanyar diflomasiyya, babu abin da ya motsa. Kullum gidajen talabijin na Amurka suna ƙirga kwanakin da mutanen suka yi a tsare, ga shi kuma shekarar zaɓe ce. Ranar 11 ga Afrilun 1980 Carter ya amince a gwada ƙarfi. Sakataren harkokin wajensa, Cyrus Vance, bai yarda ba, har ya miƙa takardar ajiye aiki tun kafin jiragen su tashi.

Amurka tana da gwanayen da za su kutsa gini su fito da mutane. Kanar Charlie Beckwith, wanda ya taɓa zama da rundunar SAS ta Birtaniya a farkon shekarun 1960, ya kafa rundunar Delta a 1977 a kan salonta. A lokacin duniya ta ga yadda Isra'ila ta ceto fasinjoji a Entebbe a 1976, da yadda Jamus ta Yamma ta yi irin haka a Mogadishu a 1977. Sai dai waɗancan filayen jirgin sama ne. Tehran kuwa birni ne mai miliyoyin jama'a, nesa da teku, hamada da duwatsu sun kewaye shi. Delta ba ta da jiragenta, ba ta da matuƙanta, ba ta da masu leƙen asirinta. Sai aka shiga aro: jirage masu saukar ungulu daga sojan ruwa, waɗanda asalin aikinsu share nakiyoyin teku ne, akasarin matuƙansu daga rundunar Marin, jiragen dakon kaya daga sojan sama, mayaƙa daga sojan ƙasa. Aka ɗora Manjo Janar James Vaught a kan wannan haɗin gambiza, aka sa wa aikin suna Eagle Claw, wato farcen gaggafa.

Shirin na dare biyu ne. A daren farko jirage masu saukar ungulu takwas samfurin RH-53D za su tashi daga kan jirgin ruwan yaƙi Nimitz, su yi tafiyar kusan kilomita 1,000 ƙasa-ƙasa don kada na'urar hango jirage ta gan su. Jiragen C-130 guda shida kuma za su taso daga tsibirin Masira na Oman ɗauke da mayaƙa da mai. A haɗu a filin da aka laƙaba wa Hamada ta Ɗaya, masu saukar ungulu su sha mai, su kwashi mayaƙa zuwa wata maɓoya kusa da Tehran a wuni a can. A dare na biyu a shiga birni cikin motocin dakon kaya, a fasa ofishin jakadancin, a tsallaka da mutanen zuwa filin wasa na Amjadiya da ke kusa, jirage su ɗauke su zuwa filin jirgi na Manzariya, daga nan manyan jirage su fitar da kowa. Kowane mataki ya dogara ne da wanda ya gabace shi. An kuma yanke tun farko cewa idan masu saukar ungulu masu lafiya suka gaza shida, a fasa.

Da yammacin Alhamis 24 ga Afrilu jiragen suka tashi. Ba a yi nisa ba fitilar gargaɗi ta nuna wa matuƙin ɗaya daga cikinsu cewa farfelarsa na iya tsagewa, ya sauka, aka kwashe mutanensa aka bar jirgin. Sauran bakwai suka faɗa cikin habub, ƙura mai laushi da ke tsayawa a sama kamar bango. Wanda ya san hazon hunturu a Arewa, ranar da jirage ke kasa sauka a Kano, ya ƙiyasta wanda ya fi shi kauri, cikin dare, kana tuƙi kusa da ƙasa. Masu hasashen yanayi sun san akan yi irin wannan ƙura a yankin, amma saboda tsananin sirri ba a haɗa su da matuƙan ba. An kuma hana magana ta rediyo. Na'urorin wani jirgin suka rikice, matuƙinsa ya juya ya koma Nimitz, bai san saura kimanin minti 25 ya fita daga ƙurar ba.

A Hamada ta Ɗaya ma ba a wanye lafiya ba. Filin yana gefen hanyar mota. Mayaƙa na sauka sai ga bas ɗauke da mutum 44, aka tare su. Sai ga tankar mai, ta ƙi tsayawa, aka harbe ta da roka, wuta ta haske dajin da ake son ɓuya a cikinsa. Masu saukar ungulu shida suka iso a makare, a warwatse, sannan aka gano ɗaya ya samu matsalar haidurolik, ba zai iya ci gaba ba. Saura biyar. Beckwith ya ƙi rage mayaƙansa, ya ce a fasa, saƙo ya kai fadar White House, Carter ya amince.

Wajen shirin komawa ne masifar ta auku. Wani mai saukar ungulu ya ɗaga don ya ba da wuri, ƙurar da farfelarsa ta tayar ta rufe wa matuƙin ido, ya afka wa jirgin C-130 mai ɗauke da mai da mutane. Sojojin sama biyar da na Marin uku suka mutu cikin wutar. Sauran suka dunguma cikin jiragen da suka rage suka tashi, suka bar gawarwaki da takardun sirri. Da safe Carter ya fito a talabijin ya ɗauki alhakin abin. Khumaini ya ce yashi da iska rundunar Allah ne. Iran ta rarraba mutanen da take tsare da su a garuruwa daban-daban, ba a kuma sake su ba sai ranar 20 ga Janairun 1981, bayan kwana 444, mintoci kaɗan bayan rantsar da Ronald Reagan wanda ya kayar da Carter. Wani abin da ya ƙara wa Amurkawa ciwo shi ne, kwana goma bayan Tabas, duniya ta kalli SAS a talabijin tana kutsa ofishin jakadancin Iran a Landan ta gama aiki cikin minti 17.

Ma'aikatar tsaro ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Admiral James Holloway. Rahotonsa na Agustan 1980 ya duba batutuwa 23, kuma bai ɗora laifin a kan ƙura kaɗai ba. Ya nuna cewa an harhaɗa rundunar ne bayan matsala ta riga ta faru, ba a taɓa tara dukkan ɓangarorin a yi cikakken gwaji tare ba, sirri ya yi yawa har ya hana waɗanda ke aiki ɗaya sanin abin da ya kamata su sani, ba a fayyace wa ke ba wa umarni ba, kuma da an tura masu saukar ungulu fiye da takwas da an samu shidan da ake bukata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Babbar shawarar kwamitin ita ce a kafa rundunar haɗin gwiwa ta dindindin, mai mutanenta da kayanta, wadda kullum take atisaye tare.

Kafin ƙarshen 1980 aka kafa wannan runduna, JSOC, a barikin Fort Bragg. Sojan ruwa ya kafa tasa rundunar yaƙi da ta'addanci, SEAL Team Six, ƙarƙashin Richard Marcinko. A Oktoban 1981 sojan ƙasa ya kafa runduna ta 160 ta matuƙan jirage masu saukar ungulu, waɗanda sana'arsu ita ce tuƙin dare da tabarau mai gani a duhu, kuma sun rasa mutane da dama a atisaye kafin su gwanance. Bukatar jirgin da zai tashi tsaye kamar mai saukar ungulu ya kuma yi nisa kamar jirgin fasinja ta taimaka wajen ƙera V-22 Osprey.

Duk da haka manyan hafsoshi ba su saki jiki ba. Kowane ɓangare yana kishin kasafinsa, kuma hankalinsu yana kan tankoki da manyan jirage na karawa da Tarayyar Sobiyet. Da Amurka ta mamaye ɗan tsibirin Grenada a Oktoban 1983, sai ga tsohuwar cuta ta dawo, rediyon sojan ƙasa ba ya magana da na sojan ruwa. A nan ne majalisar dokoki ta shiga. Dokar Goldwater da Nichols ta 1986 ta tilasta wa ɓangarorin soja aiki ƙarƙashin kwamanda ɗaya a fagen daga. Gyaran da Sanata Sam Nunn da Sanata William Cohen suka kawo ya haifar da babbar rundunar ayyuka na musamman, SOCOM, ranar 16 ga Afrilun 1987 a Tampa, ƙarƙashin janar mai tauraro huɗu, da kasafin kuɗi nata na kanta. Shekara bakwai aka ɗauka, kuma 'yan majalisa farar hula ne suka tursasa wa soja gyaran.

An ga amfanin wannan a daren 2 ga Mayun 2011 a Abbottabad ta Pakistan. Sakataren tsaro na lokacin, Robert Gates, yana cikin gwamnati a 1980, kuma tuna Tabas ya sa ya yi ɗari-ɗari da tura mayaƙa gidan Usama bin Laden. A daren kuwa ɗaya daga cikin jirage biyu na farko ya faɗi a harabar gidan. Amma an yi ta gwaji a kan kwatankwacin gidan, matuƙa da mayaƙa sun san juna, ga jiragen Chinook na ko-ta-kwana a kusa. Aka fasa jirgin da ya lalace, kowa ya fita.

Labarin ya iso har ƙasar Hausa. A ƙarshen Oktoban 2020 'yan bindiga suka sace wani Ba'amurke a ƙauyen Masallata kusa da Birnin Ƙonni, suka tsallaka da shi Najeriya. Ranar 31 ga watan mayaƙan SEAL suka diro da laima cikin dare suka fito da shi da rai. Sai dai gwaninta ba ta kawar da haɗarin da ke cikin irin wannan aiki. A Maris ɗin 2012 sojojin ƙundumbalar Birtaniya da na Najeriya sun kai samame unguwar Mabera a Sakkwato don ceto wani Baturen Ingila da wani ɗan Italiya da aka sace a Birnin Kebbi, masu garkuwar suka kashe su kafin a kai gare su. Amurka kanta ta rasa sojoji 18 a Mogadishu a Oktoban 1993, ɗaruruwan Somaliyawa suka mutu. Akwai kuma masu cewa sauƙin tura ƙaramar runduna a ɓoye ya sa shugabannin Amurka shiga faɗace-faɗacen da jama'arsu ba su da labari. Da aka kashe sojojinta huɗu tare da na Nijar a Tongo Tongo a Oktoban 2017, wasu manyan sanatoci sun fito sun ce ba su san yawan sojojin da ƙasarsu ke da su a Nijar ba.

Ga ƙasashen da garkuwa da mutane ta zame wa ruwan dare, abin lura a wannan tarihi bai tsaya ga jirage da makamai ba. An kafa kwamiti wanda ya faɗi inda aka yi kuskure, an wallafa wani ɓangare na rahotonsa kowa ya karanta, majalisa kuma ta bi maganar har ta zama doka. Shi kuwa Carter, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. A 2015, yana da shekara 90, 'yan jarida suka tambaye shi abin da zai so a ce ya sauya a rayuwarsa, ya ce da ma ya ƙara jirgi mai saukar ungulu guda ɗaya.