Yadda ake gyara sitiyari da ƙafar tsohuwar Peugeot 504 domin tseren 'yan sha'awa

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da motar 504, wadda Hausawa suka fi sani da Fijo, a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har zuwa 2006, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Turai. Wannan ne ya sa har yau ake samun jikinta da kayan gyaranta a garejin bakanikai, kuma mai sha'awar tseren tsofaffin motoci a Najeriya ba ya rasa inda zai fara.

Aikin da ya fi muhimmanci a irin wannan mota shi ne na sitiyari da abin da bakanikai ke kira ƙafa, wato sifirin, shokozoba, hannuwan da ke riƙe taya da robobin da ke tsakaninsu. Ƙarfin inji ba ya amfanar direba idan taya ba ta riƙe ƙasa ba, kuma kuskure a ƙafar mota yakan bayyana ne a tsakiyar kwana, lokacin da babu damar gyara shi.

Tarihinta a fagen tsere

An fara tseren Safari na gabashin Afirka a 1953. Yayar 504, wato Peugeot 404, ta lashe shi sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. A 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci gasar da 504, kuma a shekarar ce Hannu Mikkola ya lashe tseren Maroko da ita, Bernard Consten kuma ya lashe na Bandama a Kodebuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da samfurin 504 mai ƙofa biyu da injin V6.

Motar ba ta fi abokan hamayyarta gudu ba. Abin da ya ba ta nasara shi ne ƙwarin jiki da doguwar tafiyar sifirin, wadda ke barin taya ta sauka cikin rami ta fito ba tare da jikin motar ya daki ƙasa ba. Tun 2003 ake gudanar da wata gasar Safari ta tsofaffin motoci a gabashin Afirka, inda irin waɗannan motoci ke komawa kan hanyoyin da suka yi suna a kansu.

Yadda aka gina ƙafarta

A gaba, 504 tana da tsarin MacPherson, inda sifirin mai murɗi da shokozoba suke haɗe a sanda ɗaya wadda kanta ke ɗaure a jikin mota, gindinta kuma a hannun ƙasa. A baya, ainihin salun ɗin tana da hannu daban ga kowace taya, don haka ɗaya na iya hawa dutse ba tare da ta karkata ɗayar ba. Wagon da wasu samfuran salun masu rahusa, irin su L ta 1973, suna da aksul guda da ya haɗa tayoyin biyu, ita kuwa a-kori-kura tana kan sifirin mai falle-falle. Saboda haka wajibi ne a leƙa ƙarƙashin motar a tabbatar da irin wadda ake da ita kafin a sayi komai.

Sitiyarinta na rak ne: ƙaramin giya a ƙarshen sandar sitiyari yana tura wani dogon ƙarfe mai haƙora hagu da dama, shi kuma ya ja tayarod, tayarod ta juya taya. Nauyin motar ya kai kimanin kilo 1,200, tazarar tayar gaba da ta baya kuma mita 2.74.

Abin da ake dubawa da farko

Motar da ta shekara 20 ko 40 tana aiki sai an maido da ita daidai kafin a yi maganar ƙara mata wani abu. Ana duba tsatsa da tsagewa a inda kan shokozoban gaba ke zama, da inda rak da hannuwan baya ke ɗaure, da ƙasan bodi baki ɗaya. Sifirin mai tauri yana tura duka mai ƙarfi zuwa waɗannan wurare, kuma ƙarfen da tsatsa ta ci ba ya ɗauka. Masu shirya motar tseren daji sukan ƙara walda a layin haɗin bodi, su kuma liƙa farantin ƙarfe a mazaunin shokozoba.

Daga nan sai boljoyin, kan tayarod, boris ɗin taya da bushin. Idan aka ɗaga mota aka girgiza taya da hannu aka ji tana wasa, duk awon da za a yi daga baya aikin banza ne. Akan maye gurbin bushin roba da na foliyuretan, wanda ya fi tauri kuma yake hana hannun taya gocewa a kwana, sai dai yana ƙara ƙara da jijjiga, kuma yana son man giris lokaci-lokaci.

Sifirin da shokozoba

Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, shokozoba kuma ita ke kashe lilonsa ta hanyar matsa mai ta ƙananan ramuka, abin da ke mayar da motsin ya zama zafi. A hanya mai gargada man yakan yi zafi har ya yi kumfa, sai shokozoba ta saki, motar ta shiga tsalle. Dalilin da ya sa ake amfani da shokozoba mai iskar gas a tsere ke nan, domin matsin gas ɗin yana hana man yin kumfa.

Dole sifirin da shokozoba su dace da juna. Sifirin mai tauri a kan shokozoba mai laushi yana sa taya ta riƙa barin ƙasa bayan kowane tudu.

Al'adar yanke sifirin domin mota ta sauka tana da illa biyu. Taurin sifirin yana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar zobbansa: idan aka cire ɗaya daga zobba takwas masu aiki, taurin zai ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100, wanda bai isa ya rama tafiyar da aka rasa ba, sai motar ta riƙa dukan robar tsayawa. Sannan sifirin da aka gajarta yana iya fita daga mazauninsa idan taya ta rataya a iska. Gasa shi da wutar walda domin ya kwanta ya fi wannan muni, domin zafi yana kashe ƙarfen, ya karye ba zato.

Tsawon mota daga ƙasa

Irin filin da za a yi tseren ne ke yanke hukunci a nan. A kan kwalta mai santsi, sauke mota kaɗan yana rage karkatarta. A hanyar burji kuwa ana barinta a tsawonta na asali ko a ɗan ɗaga ta, a kuma sa mata farantin kariya a ƙarƙashin inji da tankin mai.

Tsarin MacPherson ba ya son a sauke shi da yawa. Muddin hannun ƙasa ya wuce kwance, har gefensa na wajen taya ya fi na ciki tsawo, motar takan ƙara son karkata, taya kuma ta daina kwanciya daidai a kwana. A baya ma, hannuwan salun suna sauya kwanciyar taya da fuskarta duk lokacin da tsawon mota ya canja, don haka duk sauyin tsawo sai an bi shi da sabon awo.

Sandar hana karkata

Wannan ƙarfe ne da ya haɗa ƙafar hagu da ta dama, yana murɗewa idan motar ta karkata. Taurinsa yana bin kaurinsa ninki huɗu a lissafi, ma'ana ƙaramin ƙari yana yin babban tasiri: sauya sanda mai kaurin milimita 22 da mai 24 yana ƙara tauri da kimanin kashi 42 cikin 100.

Da ita ake daidaita halin mota. Idan aka taurara gaba fiye da kima, motar takan ƙi kwana, hancinta ya zarce waje ko da an juya sitiyari. Idan aka taurara baya, gindinta ne ke zamewa ya nemi wuce gaba. Ga sabon direba, motar da ta ɗan fi ƙin kwana ta fi sauƙin ceto, domin sassauta totur yakan dawo da ita kan layi. A hanyar burji ana son sanda mai laushi domin kowace taya ta bi ƙasa da kanta.

Kusurwoyin taya guda uku

Na farko shi ne kamba, wato karkatar taya idan aka kalle ta daga gaba. Idan samanta ya ɗan kwanta ciki, tayar waje takan shimfiɗu sosai a ƙasa lokacin da motar ta karkata a kwana. A kwalta akan fara da digiri ɗaya zuwa biyu, a burji kuma ƙasa da haka. Yin yawa yana cinye gefen taya na ciki, ya kuma rage ƙarfin birki.

Na biyu shi ne kasta, wato jinginar sandar shokozoba zuwa baya. Ita ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana, ta kuma sa motar ta miƙe a gudu. Ƙara ta yana ƙara wa sitiyari nauyi. Wajibi ne hagu da dama su zo daidai, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe guda.

Na uku shi ne fuskar taya, ko tayoyin suna ɗan kallon juna ko suna kallon waje. Da milimita ake auna shi. Ɗan kallon waje a gaba yana sa mota saurin shiga kwana, amma tayoyin baya ba a barinsu su kalli waje, domin gindin motar zai riƙa yawo. Ana yin alaimen ne da nauyin direba a kujera da man da za a yi tseren da shi a tanki.

Sitiyari

Sitiyarin 504 marar fawa yana cin zagaye fiye da huɗu daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Hakan ya dace da tafiyar Kano zuwa Maiduguri, amma a tsere hannu ba ya cim ma motar da gindinta ya zame. Akan sa rak mai sauri wanda ke rage zagayen, sai dai yana ƙara nauyi da dukan da ke zuwa hannu idan taya ta faɗa rami. Ƙaramin kan sitiyari ma yana ƙara nauyin.

Babbar matsalar da ke biyo bayan sauya tsawon mota ita ce taya ta riƙa juya kanta a kan tudu ba da iznin direba ba. Tana faruwa ne idan tayarod da hannun ƙasa ba sa lilo a layi ɗaya. Ana gano ta ta hanyar cire sifirin, a ɗaga taya da jak daga ƙasa zuwa sama, ana auna yadda fuskarta ke sauyawa. Maganinta shi ne gyara tsawon rak ko na kan tayarod da kayan da aka ƙera domin haka. Ba a lanƙwasa tayarod da wuta, ba a kuma yi wa sandar sitiyari ko hannun juya taya walda, domin idan suka karye babu abin da ke riƙe motar.

Taya da birki

Rim ɗin 504 mai noti huɗu ne a da'irar milimita 140, awon da ba kasafai ake samunsa a wasu motoci ba, kuma faɗaɗa ramin wani rim domin ya shiga ganganci ne. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. 1522 na nufin mako na 15 na 2022. Tsohuwar taya takan bushe ko da zanenta bai goge ba. Sabon man birki na DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma yana shan danshi, don haka ake sauya shi kafin gasa.

Doka da ƙa'ida

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta tanadi ƙa'idojin tsofaffin motoci a sashen dokokinta mai suna Appendix K, wanda ya ginu a kan cewa mota ta kasance yadda irinta ta yi tsere a zamaninta. Gyaran da ya wuce haka yana iya sa a ƙi karɓar motar ko a mayar da ita wani rukuni, shi ya sa ake karanta dokar gasa kafin a sayi kaya. Gasa mai tsari tana neman kejin ƙarfe a cikin mota, kujerar tsere, bel mai kafaɗu, hular kwano da tukunyar kashe gobara.

A Najeriya, iyakar gudun ƙaramar mota ita ce kilomita 100 a awa a babbar hanya mai tagwayen layi, 80 a sauran manyan hanyoyi da 50 a cikin gari, kuma tuƙin ganganci laifi ne da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ke hukuntawa. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, don haka wasan mota a titin unguwa ko wajen biki yana jefa masu kallo da masu wucewa cikin haɗari.

Gwajin mota ana yin sa ne a killataccen fili, da izini. Ana sauya abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta iskar taya, awon kusurwa da lokacin kowane zagaye, sannan a sake ɗaure kowane noti na ƙafa bayan fitar farko, domin sababbin bushin da sifirin sukan zauna su bar wasa.